Jere Ma Karatu Ne, Har Digiri Ake Yi A Kansa

Yau ma dai hirar tamu ta ɗaki ce, sai dai ba ta turaren wuta da humra ba.

Abin da ya jawo ta kuwa wani jere ne da na je a cikin birni kwanakin baya, na 'yar wata aminiyata. Tun da hantsi motar kaya ta tsaya a bakin lungu don ba za ta iya shiga ba, yara suka yi ta jido. Kaya kam masha Allah, uban yarinya ya yi ƙoƙari, don daga baya na ji har gonarsa ta gado ya sayar. Gado shida da bakwai mai ƙaton allo, sif mai ƙofa shida, mudubi da 'yar kujerarsa, durowar gefen gado guda biyu, ga saitin kujeru kai ka ce na fadar sarki ne. Sai da aka zo shiga da su sannan ido ya raina fata, ashe uwar ɗakin ƙafa goma ce da goma sha biyu, ƙofar kuma 'yar siririya. Allon gado ya ce bai san zance ba. Aka juya shi ta tsaye, aka juya shi ta kwance, ƙarshe sai da aka kira kafinta ya ɓalle ƙyauren. Kafin ki ce kwabo Goggon amarya ta fara sababi, wai an ba 'yarsu akurki, dangin ango su kuma suna cewa ai ba a ce a kwaso kasuwa gaba ɗaya ba. Da ƙyar manya suka kashe wutar.

Can a gefe akwai ƙanwar amarya, 'yar aji biyar a sakandare, ta rataya tef irin na tela a wuya, sai faɗi take, "Goggo wallahi ko an shigar da shi sif ɗin ba zai buɗu ba, ni na auna tun shekaranjiya." Goggo ta harare ta ta ce, "Ke rufa mana baki, jere nawa kika taɓa yi? Tun kafin a kawo uwarki gidan nan nake jere." Aka yi dariya, yarinya ta ja bakinta ta tsuke. La'asar sakaliya aka gama. Ƙofofi uku na sif ɗin sun manne da gado ba sa buɗuwa, tagar ɗakin guda ɗaya tal mudubi ya toshe ta, amarya kuma ko wurin shimfiɗa sallaya ba ta da shi sai ta fito falo.

Da za mu tafi na kira ta na ce, "Zo nan 'yata, nuna min abin da kika auna." Sai ta zaro littafin lissafi mai gida-gida daga jakarta. Ta ɗauki kowane gida ɗaya a matsayin ƙafa ɗaya, ta zana ɗakin da ƙofarsa da tagarsa, sannan ta yayyanka kwali daidai girman gado da sif da mudubi tana matsar da su a kai. Ta ce, "Anti kin gani, gadon da allonsa ya kusa cin ƙafa takwas a cikin goma, saura biyu, shi kuma sif kaurinsa ƙafa biyu ne, to ta ina ƙofa za ta buɗu?" Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce ba kowa, ita dai haka kawai take son abin. Allah sarki. Ba ta ma san cewa abin da ta yi shi ne darasin farko da ake koya wa ɗalibai a wani fanni mai zaman kansa ba, wanda 'yan boko ke kira intiriya dizain, wato ilimin tsara cikin gida.

To domin ita da ire-irenta na yi wannan rubutu, don na san suna da yawa. Ke ce kullum cikin juya kujerun falon Umma har ta gaji ta ce ki bar mata ɗakinta ya huta? Ke ce ake cewa a tafi da ke Kantin Kwari don kin iya haɗa kala? To ki gyara zama.

Da farko a cire wani kuskure. Mutane da yawa sun ɗauka aikin bai wuce zaɓen labule da jera furanni ba. Wannan ado ne, shi ne kuma na ƙarshe a cikin aikin. Kafin a zo kansa sai an san awo, an san ta inda rana ke shigowa da safe da inda take dukan bango da yamma, an san ta inda iska ke ratsa ɗaki, an san inda wayar wuta da famfo suka bi. Sai an san halin katako da fenti da yadi, wanne ne ke jure zafi, wanne ne ke kama ƙura. Uwa uba sai an san mutanen da za su zauna a ciki: su nawa ne, akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa da kujera mai zurfi za ta wahalar, akwai yaro mai rarrafe da teburin gilashi zai ji wa ciwo? A ƙasa suke cin abinci ko a tebur? Gida nawa kika shiga kika tarar da teburin cin abinci mai kujera shida ya zama wurin ajiye kuloli da kayan guga, masu gidan kuma sun shimfiɗa ledarsu a ƙasa suna cin tuwonsu hankali kwance? Kuɗi ne aka zubar saboda ba a yi wannan tambaya ba.

Batun inda ake karatun kuwa, a nan Arewa hanyar ta fi bi ta wasu sassa makusanta. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, akwai tsangayar tsara muhalli, a cikinta akwai sashen zanen gine-gine, da sashen zane-zane da sassaƙa, da kuma sashen zanen kayan masana'antu inda ake koyon saƙa da rini da buga zane a jikin yadi da ginin tangaran. Jami'ar Bayero ma tana da sashen zanen gine-gine, haka nan manyan kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna. Wadda ta fito daga ɗaya cikin waɗannan ta samu tushe, sai ta ƙara da kwas na musamman, ko ta zauna a ƙarƙashin wata ƙwararriya ta ga yadda ake yi da hannu. Yanzu kuma zanen ya koma kwamfuta, ana amfani da manhajoji irin su AutoCAD da SketchUp, mai gida ya ga ɗakinsa a hoto tun kafin a sayi ƙusa ɗaya. Abin da zan ja kunnenki a kai tun kina sakandare shi ne lissafi. Kada ki ce ke mai zane ce ba ruwanki da shi, zanen gine-gine ba ya yiwuwa sai da lissafi da fiziks, kuma ki duba kundin JAMB na shekarar da za ki zauna jarrabawa don ki san darussan da kowane sashe yake nema.

Kada kuma wani ya ce miki ba sana'ar kirki ba ce. Masu ita har ƙungiya gare su a Nijeriya mai suna IDAN, wadda wata mata, Titi Ogufere, ta kafa a 2007, a 2020 kuma aka ɗora ta a kan shugabancin ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya baki ɗaya.

Amma fa makaranta awo da ƙa'ida za ta ba ki. Ido kuwa ke za ki ciyar da abinki, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan matanmu na yanzu. Kowacce ta tashi neman samfur sai ta buɗe waya ta kwaso hotunan Turkiyya da Dubai. Shi ya sa yau in kin shiga ɗakin amare goma kamar ɗaya kika shiga: fari da ruwan gwal, labule mai nauyi ninki uku, kujerun karan-miski, kafet mai gashi. Kyau kam akwai, ranar farko. Bari hunturu ya busa ƙurarsa ta sati biyu ki koma ki ga yadda farar kujerar nan ta koma ruwan ƙasa, bari kuma bazara ta shigo a ɗauke wuta ki ga yadda labulen nan ke hana mutum numfashi. Waɗanda suka tsara kayan don garinsu suka tsara, ba su san da zafin Sakkwato ba.

Alhali kuwa makaranta na nan a gidanku, a ɗakin kakarki in Allah ya sa tana raye. Ni na tashi na ga ɗakin tawa kakar, har gobe kuma ban ga ɗakin da ya fi shi tsari ba. Gadon ƙarfe mai rumfa a gefe guda, an ɗaga ƙafafunsa a kan gwangwani don a samu wurin tura kaya a ƙasa. Bangon da ke kallon ƙofa kuwa jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi: manyan kwalla da fanteka a ƙasa, langa a kansu, kumbo da 'yan ƙananan tasoshi a can sama, kowane layi kalarsa ɗaya, kowane murfi furensa na kallon waje guda. A lokacin ni dai kwanuka nake gani. Sai da na girma na gane cewa tsohuwar nan ta san abin da ake biyan kuɗi a koya. Ta san mai nauyi a ƙasa yake zama, mara nauyi a sama, don ido ya natsu. Ta san maimaita abu ɗaya a jere shi ke ba da kwarjini. Ta san a ɗaki wuri ɗaya ake ƙawatawa ya ja ido, sauran a bar shi ya huta, shi ya sa tsakar ɗakinta fayau take, daɓe ne sumul da tabarma, mutum goma sa zauna a yi hira. Kuma jeren nan ba ado kaɗai ba ne, asusu ne. Ranar da ta shiga matsi ta san kwallar da za ta cire a kai kasuwa, ranar da za a aurar da jika ta san wadda za ta bayar. Shi kansa jeren ya sha sauya kaya, daga ƙorai masu zane ya koma tasoshi, daga nan kwanon sha da langa, aka zo samira, aka zo tangaran a cikin kabad mai gilashi. Kayan ke canjawa, idon da ke jera su ɗaya ne. Wadda ba ta samu irin wannan ɗaki a gida ba, ta roƙi a kai ta gidan tarihi na Gidan Makama a Kano ta ga kayan mutanen da.

Daga nan sai tufafi. In kina son koyon haɗa kala ba sai kin sayi littafi ba, buɗe akwatin Umma ki ɗauko atamfar da kowa ke yabawa in ta ɗaura, ki shimfiɗa ta ki ƙura mata ido. Za ki ga kala ɗaya ce ta fi yawa, ita ce ƙasan atamfar, sai ta biyu mai bi mata, sai wata 'yar kaɗan mai haske da aka ɗiga nan da can, wadda in aka cire ta atamfar ta mutu. Masu wannan ilimi suna da irin wannan ƙiyasi a ɗaki: kashi 60 na babbar kala, wato bango da ƙasa, kashi 30 na ta biyu, wato kujeru da labule, kashi 10 kuma na mai ɗaukar ido, irin su filo da 'yan kayan ado. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum yin ɗaki kamar kantin fenti.

Sannan ki leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Da baba da toka ake haɗa ruwan, kuma abin mamaki, in aka tsamo yadi daga karofi kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonki. Yawan tsomawa shi ke sa ya ƙara duhu, tun daga shuɗi mai haske har zuwa wanda ya kusa baƙi, irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, wanda ake kai wa mabuga su doke shi har ya riƙa ƙyalli. Zanen da ke jiki kuwa, mata ne a cikin gidaje ke ƙulle yadin da zare kafin a kai marina. Ki yi tunanin ɗaki mai farin bango, labule na wannan shuɗi, da tumtum biyu na jar fata a kan tabarmar kaba. Jar fatar nan ta akuyar Sakkwato ce fa da aka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Ga saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, ga gwado, ga luru, ga aikin aska takwas na gaban babbar riga wanda in aka yi shi a jikin filon kujera sai an tambaye ki daga wace ƙasa aka kawo. Faifai ma, wanda muka mayar murfin kwanon tuwo, jera bakwai masu kala a bango ki ja da baya ki kalla.

Maginanmu na da su ma malamai ne. Dubi soro mai bakan gizo ko ɗaurin guga, da azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa illa ba, da kaurin bangon tubali da ke sa ɗaki sanyi da rana, ɗumi da dare. Dubi zanen dagi da sauran zane-zanen da ake yi a fuskar gidaje a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bai shiga aji ba, amma masana gine-gine na duniya sun yi rubuce-rubuce a kan aikinsa. Ko kayan shafen nasu abin lura ne: makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuma da katsin marina ake haɗa shi, ba abin da ake zubarwa.

In kuma kina ganin duk wannan aikin maza ne, ciro naira ashirin ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gwari, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wajen 'yar uwar iyayenta. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a gidansa saboda kyansu, a nan wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tangaran da ya buɗe a garin, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi sabon salo na gashi da shafe, amma ba ta yar da zanen gidansu ba, ƙadangare da kunama da kifi da hawainiya, su ta ci gaba da zanawa a jikin randunanta, su ne kuma suka kai ta Ingila da Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984.

Kayan katako kuwa, a gaban kafinta ake koyonsu. Ki nemi izini a gida, ki bi yayanki ko kawunki in za su je, ki yi ta tambaya. A nan za ki san bambancin katakon gaske irin maɗaci da allon garin katako da aka manne aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Na biyun shi ya cika kasuwa, ya fi ɗaukar ido, amma ruwa ya taɓa shi sau biyu sai ya kumbura, a kwance shi a sake ɗaurawa sau biyu kuma ƙusa ta daina kama shi. Amaryar da ke gidan haya, wadda ba ta san sau nawa za ta tashi ba, ya kamata a faɗa wa iyayenta wannan kafin su biya. Ki riƙa jawo durowa ki leƙa bayanta, ki zauna a kujera ki ji ko ƙafarki na taɓa ƙasa. Ki kuma samu littafi guda ki riƙa zana duk abin da ya burge ki, ki manna ƙyallayen yadi a ciki, ki rubuta awon kowane ɗaki na gidanku.

Wata za ta ce, to in na gama wa zai ba ni aiki? Yo ke da kike da abin da namiji ba shi da shi! Gidajenmu na ba-shiga ne. Namiji mai wannan sana'a iyakarsa falon baƙi, ke kuwa har uwar ɗaka za ki shiga, ki zauna a bakin gado da matar gida ta faɗa miki abin da ba za ta iya faɗa wa kafinta ba: inda take son ɓoye kayanta, inda yara ke kwana, yadda za a yi da kayanta in an raba ɗaki da abokiyar zama. Kuma duk shekara aure ake yi, ba a fasawa. Sai dai kada in yi miki daɗin baki, akwai wahala. Kafinta zai raina ki har sai ya ga kin san awo. Mai fenti zai ce gobe, goben ta zama sati. Wata Hajiyar za ki zana mata ɗaki tsaf, ƙawarta ta zo ta rushe shi da magana ɗaya. 'Yan uwa kuma za su so aikin kyauta. Don haka duk abin da aka yi yarjejeniya a kai a rubuta, kuɗin kaya daban, ladan aikinki daban, kuma iyayenki ko maigidanki su san duk gidan da za ki shiga.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai shi ne gonar nan da aka sayar. Iyaye na cin bashi, uwa na zubin adashi shekara da shekaru, duk don gudun gorin dangin miji, a ƙarshe a tula wa yarinya kayan da ɗakinta ba zai ɗauka ba. Da an auna ɗakin kafin a je kasuwa, da sif mai ƙofa huɗu aka saya, da durowa ɗaya, da gado madaidaici, ragowar kuɗin kuma ya isa a saya mata keken ɗinki ko a ba ta jari.

Bayan sati uku da bikin na koma gidan amaryar nan yi mata Allah ya sa alheri. Na tarar an juya gadon, an fitar da mudubi falo, taga ta buɗe, durowa ɗaya kuma an mayar wa uwarta. Ta ce ai kwana huɗu ta yi ba ta iya ciro kayan sawarta, sai ta aika aka kira mata ƙanwar tata da littafinta da kwalayenta. Sif ɗin ne dai ba yadda aka iya da shi, har yanzu ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa. Ina zaune sai ga Goggo ta yi sallama, ta dudduba ɗakin sama da ƙasa ba ta ce komai ba. Can da za ta tafi, tana saka takalmi, sai ta ce wa amarya, "In 'yar nan ta zo ki ce ta biyo ta gidana da tef ɗin nata, bikin 'yar wajena saura wata biyu."